Malamin Takalma

Tun da gidan talabijin ya dawo da tsohon shirin nan na 'yan makaranta, Kaka ba ta sake samun sakat a falon ɗanta ba. Duk ranar Asabar da yamma sai gida ya hallara: ɗanta, da matarsa, da 'yarsu da ake ce wa Auta. Har maƙwabcinsu tela yakan bar keken ɗinkinsa ya shigo, yana rantsuwa ba a taɓa yin shiri kamarsa ba, kuma ba za a sake ba.

Ita dai Kaka ba ta ga abin yabo ba. Ƙatti masu gemu an cusa su cikin gajeren wando wai su ne 'yan aji uku, ga wata dariya da aka naɗa, ko tari mutum ya yi sai an sako ta. Lokacin da aka fara nuna shi ma ba ta kalla ba, don marigayi mijinta, wanda malamin firamare ne, yakan kashe akwatin ya ce shirme ne.

Ran nan tana gyara carbinta da ya tsinke, sai ta ji falon ya kece da dariya. Ta ɗaga kai. Malamin cikin shirin ne a ɗakinsa, ya jera takalma a ƙasa sahu-sahu, ya tsaya gabansu da rula.

"K-k-kai na baya!" ya daka wa wani silifa tsawa. "M-m-me na ce yanzu?"

Kaka ta ajiye carbin. Haka Malam, mijinta, yake yi. Yana da in'ina tun yana yaro, saboda haka duk darasin da zai koyar gobe sai ya rufe ƙofa, ya jera takalman gidan, ya koya musu har harshensa ya warware. A aji babu wanda ya taɓa jin ya sarƙe. Ko shugaban makarantar bai sani ba. To wane ne ya fitar da zancen daga ɗaki?

Ta shiga zargin kowa. Tela ta fara harara, sai ta tuna bai daɗe a unguwar ba. Surukarta kuwa ba a ma auro ta ba a lokacin. Ta daɗe a kan ƙanwar Malam, mai baki kamar rediyo, amma ita ba ta taɓa kwana gidan ba. Asabar ta gaba sai ta ƙi kallon akwatin, ta zuba wa mutanen falon ido. Da malamin ya fito, kowa ya fashe da dariya, ban da ɗanta. Shi wayarsa ya ɗauka ya fice, wai an kira shi, alhali ba ta ji ta yi ƙara ba.

Ta same shi a tsakar gida yana goge motar da tun safe aka wanke ta.

"Wannan mai fitowa a malami, ka san shi?"

"Kowa ai ya san shi, Inna."

"Ban tambaye ka kowa ba."

Ya ninke tsumman, ya sake warwarewa. "Ajinmu ɗaya a sakandare."

"Ya taɓa shiga ɗakin babanka?"

"A'a."

"To a ina ya ga takalman?"

Ya ci gaba da goge motar. Daga baya ya ce ta taga yake leƙen Baba, in ya je makaranta ya kwaikwaya wa abokai su yi ta dariya. Yarinta ce. Shi ma sai a akwati ya gani kamar kowa.

"Kuma Inna, mutane son malamin nan suke. Shi ne gwarzon shirin. Baba ma bai sani ba."

Kaka ta dube shi, takaici ya cika ta. A shekarar da aka fara shirin Malam ya daina jera takalma. Ta tambaye shi, ya ce ya girme wa abin. A shekarar kuma in'inar ta bi shi har aji, yara suka sa masa suna, bai kai lokacin ritayarsa ba ya ajiye aikin. Ita duk ta ɗauka tsufa ne.

"Ya sani," ta ce. "Kuma ya san ta taga ne. Bai taɓa ce maka komai ba, ko?"

Ta bar shi tsaye da tsumma a hannu, ta koma falo ta kashe akwatin a tsakiyar shirin. Tela ya buɗe baki, ya ga fuskarta, ya tuna yana da ɗinki.

"Kaka, me ya sa?" in ji Auta.

"Kakanki suke kwaikwayo, kuma ba su iya ba. Shi ba ya tsawa. Ba haka yake yi ba."

"To yaya yake yi?"

Kaka ta jawo takalman da ke bakin ƙofa ta jera su a kan darduma. Ta tsaya gabansu ta rufe ido tana laluben muryar mijinta, wannan mai taushi da take ji ta bayan ƙofa tana girki. Ta laluba, ta laluba. Sannan ta buɗe baki.

"K-k-kai na baya!"

Auta ta faɗi ƙasa tana dariya, tana tafi. "Wallahi Kaka kin iya! Sak na cikin shirin!"

Kaka ta ji tsoro ya kama ta, don ita ma muryar da ta ji ke nan. Ta juya ga hoton Malam da ke jikin bango, ta sake gwadawa a zuci, a hankali. Muryar ɗan wasan ce ta sake amsa mata.