Shaidar Kawu Maniru

Fangali goma sha biyu na albasa, su ne duk rigimar. Suna fadamar Lambara, tsakanin wata tsohuwar rijiya da giginya. Ƙasimu ya ce iyakar gonar ubansa giginya ce. Maƙwabcinsa Arzika ya ce rijiya ce. A shekarar nan ta 1983, da sabulu da madara suka ɓace daga kanti, mai fangali goma sha biyu ba ya kwana da yunwa.

Duk waɗanda suka ga ranar da aka yanka iyakar sun rasu, sai mutum ɗaya: Maniru, kawun Ƙasimu, tsohon malamin gona da ke zaune a Bodinga. Shekara ashirin ya yi yana shan burkutu da ogogoro, abinci kuwa sai in an matsa masa. Ya tuba shekara uku da suka wuce, amma giya ta riga ta yi aikinta. Malamin asibiti ya ce sha ba ci ne ya ƙarar da wani bitamin a jikinsa, ƙwaƙwalwa ta daina riƙe sabon abu. Ya yi masa allurai, tafiyarsa ta miƙe, mantuwa ta zauna. In ka tambaye shi abin da ya ci da safe, ba zai ce ya manta ba. Zai ba ka labari har da sunan mai girkin.

Wannan ne ya yi wa Ƙasimu daɗi. Duk abin da aka zuba wa kawu yanzu, shi zai maimaita.

Ranar shari'a ya goya shi a babur zuwa Shagari, yana koya masa a hanya.

"Kawu, ina iyaka take?"

"Wace iyaka, ɗana?"

"Ta gonarmu. Giginya."

"Giginya mana! Ai da hannuna nid dasa ta."

"Kada ka ƙara komi. Giginya kawai."

Ƙasimu ya auna abin tun a gida: magana tana kai minti biyar a kan kawu kafin ta zube. Don haka a bakin ƙofar kotu ya sake raɗa masa, suka tuɓe takalma suka shiga.

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne gaisuwa. Maniru mutumin da ne. Ya durƙusa gaban alƙali.

"Allah shi gafarta Malam. Ina kwana? Ina gajiya? Ya gida, ya ɗiya? Ya jama'a? Ya muka ji da tsadar ga?"

Ya juya kan muhuti, mataimakin alƙali, ya faro daga farko. Ya gaida magatakarda, ya gaida ɗan doka, ya hango Arzika ya tambaye shi lafiyar tsohuwarsa. Ƙasimu na zaune yana jin mintocinsa suna tsiyayewa. Ya yi tari. Kawu ya juyo ya yi masa sannu.

"Malam Maniru," in ji alƙali, "ka san iyakar gonar nan ta Lambara?"

Maniru ya ɗaga kai. Sai fuskarsa ta washe.

"Wadda munka auna shekarar samun 'yanci? Rijiya ce, Allah shi gafarta Malam. Taki arba'in daga hanya. Uban yaron ga ya so shi kai giginya, anka hana shi. Har yay yi fushi yab bar hulatai nan."

Arzika ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa don dariya.

Ƙasimu ya miƙe. "Allah shi gafarta Malam, mutumin ga ba shi da hankali! Giya ta cinye mai kai! A tambaye shi da mi yaz zo nan!"

"Da mi kaz zo, Malam Maniru?"

"Da jirgin ƙasa. Cike yake da alhazai."

Kotu ta kwashe da dariya. Alƙali bai yi ba. Ya kawo wata hira, ya bari aka jima, ya sake tambayar iyaka. Rijiya, taki arba'in, hula. Ya sa aka fita da shi aka dawo. Wannan karon a kan doki ya zo, amma iyaka tana nan a rijiya.

"Na yau ne ba shi riƙewa," in ji alƙali. "Na da yana nan. Kuma kai kak kawo shi, ba Arzika ba."

Aka rubuta fangali goma sha biyu na Arzika ne.

A waje Ƙasimu ya daɗe yana taka babur bai tashi ba. Maniru ya gyara hularsa, ya dafa masa kafaɗa.

"Ɗana, yaushe za a kira mu ciki? Ka gaya man abin da za ni cewa tun da wuri."

Ƙasimu ya dube shi.

"An ɗaga, kawu. Hau mu tai."