Nafkin Ikhlas

"Kashinta wane launi ne?" in ji likita.

Kafin Huraira ta buɗe baki na riga ta. Bakina dama ba ya jiran gayyata.

"Fari tas, likita, kamar kindirmo, tun tana 'yar kwanaki. Ai nafkinta bai taɓa ba mu wahalar wanki ba."

Ya ajiye biro, ya dube ni.

Ni ce Dokas, ƙofata na kallon ta Huraira a gidan hayarmu na Angwan Iya. Mahaifiyarta ta rasu, don haka da ta haifi 'yar farinta Ikhlas, ni na tsaya mata a jego. 'Ya'ya biyar na raina, wa zai yi musu da ni? Da idon jaririyar ya yi ɗorawa, na ce shawara ce, Natan ɗina ma ya yi, a riƙa sa ta a hantsi. Mijin Huraira ya ce a je asibiti, na ce ina aka taɓa jin mai jego ta fita ba ta yi arba'in ba? Ta yi arba'in, ta wuce Nasarawa gaida dangi. Sai da cikin yarinyar ya kumbura muka kama hanyar asibiti.

"Hanyar da ruwan matsarmama ke bi daga hanta, a toshe take," in ji likita. "Ruwan nan shi ke ba kashi launi. Da kun zo tana wata biyu, akwai aikin da ake gwadawa. Yanzu watanta biyar, hantar ta riga ta lalace."

Wata biyu! Ni a lokacin ina tsakar gida ina nuna wa mata shanyar Huraira, ina cewa su koyi tsafta.

Ikhlas ta ƙara mako bakwai. Ran wata Talata da hantsi ta cika a cinyar uwarta.

Na jira Huraira ta zage ni, wallahi da ya fi mini sauƙi. Ba ta yi ba. Bayan sadakar bakwai ta yi sallama a ƙofata, da ƙunshi a hannu.

"Maman Natan, na ji 'yarki Febi ta kusa sauka. Ki ba ta waɗannan, duk kamar sababbi suke."

Ta tafi, na kwance ƙunshin a kan gado. Nafki goma sha biyu a linke, babu tabo ko ɗaya.