Kyandir Uku a Faranti

Shekara goma sha ɗaya malamin kimiyya yana yi wa 'yan aji huɗu gwaji iri ɗaya. Zai kafa kyandir a faranti mai ruwa, ya kunna, ya kife gilashi a kai. Wutar ta mutu, ruwa ya hau cikin gilashin. Sai ya ce kyandir ne ya cinye iskar oksijin, ruwa ya maye gurbinta. Kowa ya rubuta.

Ran nan wata ɗaliba da ake wa laƙabi da Sarkin Tambaya ta roƙi a gwada da kyandir uku. Ya yarda don ya huta da nacinta. Ruwan kuwa ya hau kusan ninki biyu.

"Malam, ai iskar cikin gilashin ba ta ƙaru ba. Ya aka yi ruwan ya ƙaru?"

Ƙararrawa ce ta cece shi.

A ofishin malamai ya bincika littattafai har ya gano. Ashe zafi ne ke kumbura iskar, wata ta fice, wuta na mutuwa sauran ta huce ta tsuke, ruwa ya shigo. Sai ya je ya sami shugabar sashe, wata dattijuwa mai shirin ritaya.

"Malama, ashe kuskure nake koyarwa tun da na fara. In na faɗa musu, wa zai ƙara yarda da ni?"

Ta tuntsire da dariya. "Ni sai da na shekara ashirin kafin a kama ni! Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. Je ka gaya musu."

Washegari ya tsaya gaban allo. "Jiya 'yar'uwarku ta kayar da ni. Abin da na koya muku ba daidai ba ne."

Wani daga bayan aji ya ce, "To mu yage shafin, Malam?"

"Kar ku yage. Ku ja masa layi, ku rubuta gyaran a ƙasa."

Babu wanda ya yi masa dariya. Hannuwa ne suka tashi: a gwada da dogon gilashi, a gwada da gajeren kyandir. Ya sauke ajiyar zuciya, ya miƙa musu ashana, ya koma gefe yana kallo suna ta gardama a kan farantin har aka tashi tara.