Igiyar Illo

"Baba, ka riƙe numfashi har sai na ce ka saki," in ji Zulai'atu, tana maƙala wa Illo wani ɗan abu a yatsa. Jar fitila ta kama a ciki, farcensa ya yi ja kamar garwashi. Na maimaita masa maganar da ƙarfi a kunne.

Ɗalibar jami'a ce, ta zo Yelwa tana auna masu nutso. Ta ce hasken yana ganin gudun jini, da ko jijiyoyi sun yi tauri. Ni na kawo ta zauren Illo maƙwabcina, ina ta cika baki: shekara talatin yana ciro gawar waɗanda jirgi ya kife da su a tafkin Kainji, ni ina cikin kwalekwale riƙe da igiyar ƙugunsa. Ba ya tasowa sai na ja. Abin da na manta ban gaya mata ba, ruwa ya daɗe da cinye masa kunne.

Illo ya rufe ido, yadda yake yi in zai nutsa.

"Saki, Baba." Bai saki ba. "Baba, ya isa."

Ni kuwa, tsohon banza, na shagala da layin da ke tsalle a kwamfutarta. Kafin in juyo bakinsa ya karkace, ya zame gefe.

A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Zulai'atu tana kuka ta ce jijiyoyinsa dama sun yi tauri ƙwarai. Ban ji sanyi ba. Ni yake jira in ce masa ya saki.

Da aka maido shi gida numfashinsa ya koma wani iri, ya ja, ya ja, sai ya ɗauke. Matarsa Sa'adatu ta ce, "Ishaya, mutumin ga ba shi cikin ɗakin nan. Ƙarƙashin ruwa yake."

Na ɗauko tsohuwar igiyar, na ɗaura masa a ƙugu. Da numfashin ya ɗauke na ja, sai ya shaƙi iska. Kwana uku muna haka, ban yarda kowa ya karɓe ni ba.

Ranar Laraba da hantsi na ja, bai taso ba. Na sake ja. Sa'adatu ta rufe masa fuska, ta ce, "Bari hakanan."

Shekara bakwai igiyar nan ba ta ga ruwa ba. Da na kwance ta, na tarar ta jiƙe tun daga ƙullin har hannuna, tana ɗiga a tabarma.