Hoton da Ba a Goge Ba

Aikin Auta gyaran fuskokin mutane ne. A ɗakin ɗaukar hoton da ke tsakanin shagon tela da na mai gyaran waya, Maigida, mai wurin, ke ɗauka, ita kuma ta zauna gaban kwamfuta ta share ƙurji, ta rufe tabo, ta mayar da ɗan shekara hamsin saurayi. Takardar shaidar karatunta na rataye a bango, hotunan mutane sun kewaye ta. Nata ne kawai babu. Tun tana 'yar shekara sha biyar ƙuraje suka kafa sansani a fuskarta, manya masu zurfi, waɗanda ko matashin kai ya taɓa sai ta ji har cikin ƙashi.

"Zauna in ɗauke ki mana," Maigida kan ce. "Minti biyu kin goge abinki."

"Ranar da zan hau kujerar nan, babu abin da za a goge."

Likitar fata ce ta ɗora ta a kan wasu ƙwayoyi, bayan an gwada duk na shafawa sun gaza. Ta ce maganin ɗan uwan bitamin A ne, aikinsa ya rage maiƙon da fata ke fitarwa, kuma zai kai wata shida. Sai ta shiga lissafo sharuɗɗa da yatsu. Leɓe zai bushe. Rana za ta riƙa ƙona ta. Za a riƙa auna jininta don a duba hanta. Ba za ta ba kowa jini ba. Ciki kuwa ko kusa, domin maganin yana lahanta jariri.

"Likita, ko saurayin ba ni da shi."

"Duk da haka sai mun yi gwajin ciki, kuma sai kin sa hannu. Abu na ƙarshe, ciwon yana iya fara ƙaruwa kafin ya lafa. Kada ki tsorata, ki dawo wurina."

Leɓen ne ya fara. Ya bushe kamar bawon albasa, in ta buɗe baki sosai sai ya tsage. Ta sayi man leɓe guda biyar: ɗaya a jaka, ɗaya a aljihu, ɗaya kusa da kwamfuta, biyu sun ɓace tun makon farko. Babbar wahalar ita ce dariya, ga shi Maigida mutum ne da ko gaisuwa ya yi sai an dara. Dole ta koyi dariya da baki a tsuke, sai ka ji kamar buta ta tafasa.

"Ga shayi ya nuna," in ji shi duk lokacin da ta fara.

"Allah ya isa leɓena, Maigida."

A mako na biyar maganar likita ta tabbata. Fuskar ta kumbura ta yi ja, har ta fi da. Wata mata da ta zo hoton fasfo ta dube ta sama da ƙasa, ta juya ga Maigida.

"Wannan ce za ta gyara mini fuska?"

"Ni ce, Hajiya," in ji Auta. "Taki mai sauƙi ce."

Bayan matar ta fita, Maigida ya yi ta sosa ƙeya. Ya ce ko za a mayar da teburinta bayan labule, don ta huta da idon mutane.

"Ba sata na yi ba. Teburina yana nan inda yake."

A gida kuma Gwaggo, ƙanwar babanta, na jiranta da leda. Ta zazzage kan tabarma: man shafawa mara suna, da kwalbar ƙwayar man hantar kifi.

"Ki watsar da na likitan nan, 'yar nan. Wane irin magani ne ke ƙara ciwo? In kuma kin ƙi, ki haɗa da wannan, an ce shi ma bitamin ɗin ne."

Auta ta juya kwalbar ta karanta. "Shi ya sa ba zan sha ba, Gwaggo. Gishiri a kan gishiri ke nan. In ya yi yawa a jiki, guba yake zama."

"Karatu dai ya sa kin fi kowa sani."

"A kan fuskata kam, na fi kowa."

Bakin ne ya faɗa, amma washegari da safe ta daɗe gaban madubi da ƙwayar likita a tafin hannu. Shekara tara tana fama, ga shi ta ƙaro wa kanta da hannunta. Ta ajiye ƙwayar, ta ɗauka, ta sake ajiyewa. Daga ƙarshe ta jefa ta a jaka ta tafi asibiti. Likita ta duba ta, ta duba sakamakon jini, ta ɗan rage mata adadin, ta ce hanya ce, ba ɓata ba. Auta ta dawo ta karya kumallo, ta haɗiye ƙwayar a gaban Gwaggo, ta sa faffaɗar hularta ta fita aiki.

Sauƙin bai zo da ganga ba. Wata rana dai ta farka ta tarar ta kwana a kan kuncin hagu ba ta sani ba. Wata na huɗu, sabon ƙurji ɗaya tak. Wata na shida, babu ko ɗaya, sai tabo biyu a kumatu da wani siriri a haɓa.

Ran da likita ta sallame ta, ta wuce shago kai tsaye, Gwaggo na biye da ita. Ta hau kujerar ɗaukar hoto, ta gyara zama. Maigida ya kunna fitilu yana murmushi.

"Ai ni na yi ta ce mata ta daure," Gwaggo ta gaya masa. "Ban da ni da tuni ta watsar."

Auta ta so ta tsuke baki yadda ta saba, abin ya fi ƙarfinta. Ta tuntsire da dariya, haƙora duk a waje, a daidai nan fitila ta haska.

Da hoton ya fito a kwamfuta, hannun Maigida ya nufi tabon kumatun, don sabo da nuna mata abin gogewa. Ta tare shi.

"Bar su. Na sha wuya kafin su zama tabo."

Ta buga shi babba, ta sauke hoton wani mai gemu, ta rataye nata kusa da takardar shaidarta. Gwaggo ta matso ta ƙare masa kallo, sannan ta gyara mayafi ta nufi kujerar.

"To ni ma a ɗauke ni. Amma nawa, 'yar nan, ki goge komai."