Riƙon Garma

Erdoo ta sayar da doyarta kaf kafin azahar. Don murna ta ce wa ƙawarta Mutmainna ba za ta koma Obi ba sai ta kalli wasan kwaikwayo a Lafiya.

Fosta biyu suka tarar a ƙofar zauren, ɗaya ta wasan soyayya, ɗaya ta wani saurayi da garma.

"Mu shiga na soyayya, shi kowa ke yabo," in ji Mutmainna.

Erdoo ta tsura wa saurayin ido, ta kwashe da dariya har da riƙe ciki.

"Ƙawata, dubi riƙon garma kamar cokali! Wannan za mu gani."

Ana fara wasa saurayin ya duƙa zai ja kunyar doya. Erdoo ta daure, ta daure, ta kasa. Ta tuɓe takalmi, ta haye dandamali, ta fizge garmar ta gwada masa. Zaure ya kaure da tafi, an zaci cikin wasan ne.

Ta dawo tana haki, ta tarar Mutmainna ta rufe fuska da mayafi.

"Gobe ma mu dawo," in ji Erdoo. "Yaron nan da sauransa."