Taku Takwas

Shekara ashirin da shida Baban Fili yana shimfiɗa igiyar iyaka a filin kurket ɗin nan, ko rufe masa ido aka yi ya san inda take kwanciya. Ciyawar wurin ma ta saba, har ta yi wani siririn layi fari-fari zagaye da filin. Aikin igiyar a bayyane yake: in mai bugu ya ɗaga ƙwallo ta tsallake ta, ya ci maki shida, in kuwa aka cafe kafin ta tsallake, ya fita daga wasa.

Ranar Alhamis manajan filin ya same shi a ɗakin kaya yana wasa wuƙar injin yankan ciyawa. Manaja mutum ne mai yawan gyaran murya in zai faɗi maganar da ba tasa ba. Ya ce daga sama aka ce a matso da igiya ciki taku takwas kafin wasan Asabar. Wai masu gidan talabijin na ƙorafin wasannin bana sun yi sanyi, 'yan kallo na canza tasha. Shugaban gasa kuma zaɓensa saura wata guda, masu ƙungiyoyin da za su jefa masa ƙuri'a ba abin da suke son ji sai an sabunta yarjejeniyar talabijin. Kowa dai so yake ƙwallo ta riƙa tashi tana faɗawa waje, ba wanda ya tuna wani bawan Allah ne yake jefa ta.

"Doka ta yarda, Baba. Na duba littafin."

Baban Fili ya ce shi ma ya sani, ya ci gaba da wasa wuƙarsa.

Ɗansa Dogo mai jifa ne a ƙungiyar da ke da filin. Shekarunsa talatin da huɗu, ga mata da 'ya'ya uku, ga kafaɗar da sai an gasa ta da ruwan zafi take ɗaguwa. Koci ya riga ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye: wasan Asabar ne zai nuna ko za a riƙe shi baɗi ko a sallame shi. Dogo kuwa ba ƙarfin jifa gare shi ba, wayo ne. Yakan lallaɓa mai bugu ya ɗaga ƙwallo sama, a cafe ta dab da igiya. A cikin takun nan takwas yake cin abincinsa.

Da Baban Fili ya gaya wa matarsa, tana ninke wanki, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ai taku aka ce, ba awo ba. Ka tsufa, malam. Wa zai tuhume ka don takunka ya gajarta?"

Ya yi kamar bai ji ba, alhali maganar ta bi shi har wurin aiki. Da safiyar Juma'a ya tsaya a kan tsohon layin shi kaɗai, ba manaja, ba mai duba shi. Ya so ya rage, Allah ya sani ya so. Sai dai ƙafar da ta yi shekara ashirin da shida tana auna gaskiya ta ƙi koyon sabon abu. Ya taka takwas, ya kafa alama, ya zagaye filin haka yana jan igiya yana jin haushin kansa.

Ranar Asabar fili ya cika, ga kiɗa, ga shugaban gasa a rumfar manya yana ɗaga wa kyamara hannu. Baban Fili ya zauna inda ya saba, kan wani tsohon akwati kusa da tankin ruwa. Dogo ya yi ƙoƙari, har ya fitar da mutum biyu. Aka zo ƙwallon ƙarshe, ƙungiyar baƙi na neman maki biyar ta ci wasa, ƙwallo a hannun Dogo.

Ya jefa irin tasa, a hankali. Mai bugu ya ruɗu ya ɗaga ta sama, daidai yadda Dogo ya so. Abokin wasan Dogo mai tsaron gefen ya ja baya har dugadugansa suka taɓa igiya, ya miƙa hannu. Ƙwallo ta wuce saman yatsunsa ta faɗi bayan igiyar, tazarar ba ta kai taku ɗaya ba. Jama'a suka ɗauki ihu, shugaban gasa ya miƙe yana tafi. Baban Fili bai kalli kowa ba, wurin da ta faɗi yake kallo.

Bayan an watse yana naɗe igiya, sai ga Dogo da jakarsa a kafaɗar da ba ta ciwo. Ya ce koci ya yi masa godiya da fatan alheri. Uban ya gane an sallami ɗansa ke nan, ya ci gaba da naɗe igiya.

"Baba, taku nawa suka ce?"

"Takwas."

"Cikakku ka yi?"

"Cikakku."

Dogo ya gyaɗa kai, ya ajiye jakar a ciyawa.

"Na san haka za ka yi," ya ce, sannan ya kama ɗaya bakin igiyar ya fara taya shi naɗewa.